Gyauron da Ya Fito Bayan Rijiyar Kabitan

Ku samarin yanzu da kuke shigowa garka da rigar kanti kuna cewa aikin nan ba komai ba ne sai zuba ruwa, wannan takarda taku ce. Rubutuna ba shi da kyau, na sani. Shekara biyu na yi a lakwal, makarantar boko, lokacin da Nasara suka ce kowane mai gari ya ba da yaro. Mai garinmu na Garagumsa ya ɓoye nasa ya ba da ni, don ubana ba shi da mai tsaya masa. Abin da na kwaso ke nan, ina haɗa baƙi, ina karanta abin da ke bisa takarda in na bi shi a hankali. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya gyara. Amma kada ya gyara mini maganar garka, wannan na fi shi sani.

Shekaranjiya na tsaya ina kallon ɗayanku yana cira a fangalin albasa. Hannu biyu yake yi, bakinsa na wajen hira, duk abin da ya yi kore bai yi kama da albasa ba sai ya tumɓuke ya jefa bayan darni. Na ce, "Kai, wannan da ka cire mene ne?" Ya ce, "Haki ne, Baba." Na ce, "Wane haki?" Ya ce, "Haki ai haki ne." To shi ya zaunar da ni rubutu.

Shekarar yunwa ce ta kawo ni wannan sana'a. Na gudu daga lakwal na koma gida, ban daɗe ba damina ta ƙi. Muka ci tsabar ƙarangiya, muka ci anza. Ku ba ku san anza ba sai a baki. Ita sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan, wanda yunwa ta hana shi jira ya ci ta ɗanya, cikinsa ne ke kashe shi. Na ga mutum huɗu gida ɗaya sun tono wata saiwa a fadama sun dafa, ba wanda ya san sunanta, da safe aka fitar da uku. Tun daga nan ban yarda da abin da ban san sunansa ba.

Da ƙafa na zo Damagaram. Wani tsoho Babarbare, Baba Kyari, mai garka a kwarin bayan Birni, ya dubi kafaɗata ya ce in kama jigo. Jigo shi ne dogon itacen nan mai dutse a gindi da guga a kai, wanda ku kuka raina don kun ga arozuwar, butar ban ruwa ta Nasara. Daga sallar asuba har hantsi ina sunkuyar da shi ina ɗagawa, ruwa na bin lambatu, shi kuma tsohon yana buɗe wa fangali baki da ƙafarsa yana toshewa. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa iri ba. Guga, hauya, kwandon taki, shi ke nan. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Albasa muke yi, da taba, da tonka, wato barkono, da ɗan alkama. Matan Birni su zo su matsa kowace albasa da yatsa su ce ta yi ruwa. Larabawan Zango su aiko a yanko musu na'ana'a, kuma sai wadda aka yanka kafin rana ta taɓa ta. Buzaye su sauke mana kashin raƙumi su ɗauki taba.

Baba Kyari da hanci yake koyarwa. Ya tsinko ganye ya murza ya kai maka fuska ya ce, "Faɗi." In ka kasa, ya sake murzawa. Kuma yana da doka guda wadda ba a takawa a garkarsa: gyauro, wato abin da ya fito da kansa ba kai ka shuka ba, ba a cire shi sai an san sunansa. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Idi, in ka cire abin da ba ka sani ba, baɗi zai komo, kuma ba ka san ta inda ya shigo ba. Taki ne ya kawo shi, ko ruwa, ko tsuntsu, ko mutum mai mugun nufi? Kife masa fasasshen tulu kada akuya ta ci. Ka murza, ka shinshina. Ka karya reshe ka ga ruwansa, in fari ne kamar nono ka wanke hannu. Ka miƙa wa dabba ka ga ko za ta karɓa. In duk ba su faɗa maka ba, jira fure, fure zai nuna maka danginsa." Haka na tashi. Rabin gwandar da ke kwarin nan da haka aka same ta.

Yadda na shiga garkar Nasara, ba nema na yi ba. Mai garkar da ke can kafin ni sunansa Ɗan Jimma. Wani Nasara ya ci abinci ya kwana biyu yana sambatu yana yaƙushin bango. Aka bincike garka, aka sami zaƙami, hakin nan mai sa hauka, guda ɗaya jikin shinge. Zaƙami fa, wanda ke fita a kowane juji na garin nan ba mai shuka shi. A lokacin Nasara ba abin da suke tsoro kamar a sa musu guba. Aka ce Ɗan Jimma ne ya shuka. Aka ɗaure shi aka yi arewa da shi wajen gishiri, Bilma. Ba a sake jin labarinsa ba. Bayan haka ba mai son aikin. Aka aiko wa Baba Kyari cewa ya ba da mutum guda, kuma an ji yana da wanda ke iya karanta takardar iri. Karo na biyu ke nan da aka ba da ni.

Mai gidan Kabitan ne, muna ce masa Mai Lofe don ba ya rabuwa da lofen tabarsa. Garkarsa na bayan gidansa a bariki. Da igiya ake ja wa fangali layi. Iri daga ƙasarsu yake zuwa cikin ƴan takardu masu zane, in an shuka sai a soke takardar a tsinke a kafa bakin fangalin: nan shu, wato kabeji, nan karoti, nan salati, nan tumati. Ran da na fara ya kira mai fassara ya ce a gaya mini: duk abin da ya tsiro wanda ba ya cikin zanen nan, a cire shi ran nan, a ƙone. Ya sa aka maimaita mini sau biyu. Na ce na ji.

Na shekara biyu ina bin wannan doka, don duk abin da ke fita na san shi. Lalo ne, ko gasaya, ko zaƙami, in gan shi in ce sunansa in cire. Ba a taɓa samun saɓani tsakanin dokar Kabitan da ta Baba Kyari ba, sai farkon ɗarin shekara ta uku.

Taki daga wuri uku nake kwasowa, kashin raƙumi daga Zango, na dawaki daga bargar bariki, da jujin bayan madafa. In haɗa su in tara a kusurwa bayan rijiya, inda guga ke ɗiga. Wata safiya na je ɗiba sai na ga tsiro uku sun fasa ƙasa wuri ɗaya, masu kauri, ganyen ya yi duhu, ya yamutse, da ɗan gashi-gashi. Na sunkuya zan cire. Hannun da Baba Kyari ya horar ya riga ni, ya murza ya kai hanci. Ban san warin ba. Akwai ɗan na tumati a ciki, amma ba tumati ba ne. Na bi takardun zane ɗaya bayan ɗaya, babu shi. Na ce a raina, kwana uku kawai, in kai wa tsoho ganyen ya faɗa mini, sannan in cire. Na ɗauko fasasshen tulu na kife a kai, yadda aka koya mini.

Wannan tulun ne ya kusa kai ni Bilma.

Kabitan ya tafi turne, wato rangadin ƙauyuka, aka ce zai yi wata biyu ko fiye. Gidan ya koma hannun kukunsa, Bakari, wani Bambara tsohon soji da ya biyo Nasara tun daga yamma. Ba ya barin kowa ya taka bakin madafarsa, ni kayan garka a ƙofa nake ajiye masa. Kwana biyu da tafiyar Kabitan ya zo ɗiban ruwa ya yi tuntuɓe da tulun.

"Mai garka! Zo nan. Me ka ɓoye?"

Na ce, "Ba ɓoyewa na yi ba, Bakari. Gyauro ne, ina so in san sunansa."

"Ka shuka?"

"Ban shuka ba."

"Ba ka shuka ba, ka yi masa ɗaki?" Ya yi dariya, ba ta daɗi ba. "Ɗan Jimma ma bai shuka ba. Shi ko ɗaki bai yi wa nasa ba."

Na ce, "To bari in cire yanzu a gabanka, a ƙone, magana ta ƙare."

Ya taka hannuna da takalminsa. Ya ce, "A'a. Ni ke dafa abinci a gidan nan. In Nasara ya yi ciwon ciki, wuyan wa ake fara kamawa? Nawa. Wannan abu zai tsaya nan har Kabitan ya gani da idonsa. Uku ne, na ƙirga. In na zo na ga biyu, ko na ga ya bushe, ko na ga an tona, in ce ka ɓatar da shaida."

Ya kira gardi mai jar hula da ke tsaron ƙofa ya nuna masa. Daga ran nan kowace safiya su biyu suke zuwa su duba.

Ku da kuke cewa aikin garka zuba ruwa ne, to na zuba ruwa. Safe da yamma ina shayar da abin da zai kai ni inda aka kai Ɗan Jimma, kuma ina lallaɓa shi fiye da salatin Kabitan. Da ya yi tsawo rassan suka fara kwanciya, Bakari ya ce ni ke karya su. Sai na tara masa ƙasa a gindi na yi masa tudu don ya tsaya. Tsiron ya ji daɗin haka, ya ƙara bunƙasa. Abu ɗaya ya rage mini: in san sunansa kafin Kabitan ya komo. In na tsaya gabansa na ce wannan abu kaza ne, ga mai shaida, ana ci ko ana magani da shi, wataƙila in sha da bulala. In na ce ban sani ba, ga kuma tulu, to sai arewa.

Ganye ɗaya nake tsinka daga ƙasa inda ba a lura, in sa cikin hula. Na fara kai wa Baba Kyari. Ya murza, ya shinshina, ya daɗe. Ya taɓa da harshe ya tofar.

Ya ce, "Dangin gauta ne. Amma ba gauta ba ne, ba yalo ba ne."

Na ce, "Baba, ana ci?"

Ya ce, "Gidan nan nasu da gauta da zaƙami duk ɗaya ne. Wani ka ci ka ƙoshi, wani ka ci a binne ka. Me ya sa ba ka cire ba tun farko, tun da ka san inda kake aiki?"

Na ce, "Kai ka hana."

Ya miƙo mini ganyen. Can ya ce, "A garkata na hana."

Ran kasuwa na tafi Zango wajen Iya Fanna, tsohuwa mai sayar da saiwoyi da ganyen magani. Ta juya ganyen gaba da baya ta ce, "Ɗan nan, tun kafin a haifi uwarka nake zaune bisa tabarmar nan, wannan bai taɓa hawanta ba. A ina ka samo?" Na faɗa mata. Ta jefo mini shi kamar garwashi. "Bariki? Ɗauke abinka! Ban gan ka ba, ba ka gan ni ba. So kake in tsufa a kaso, gidan yarin Nasara?" Na nemi Buzun da nake karɓar kashin raƙumi gare shi, na ce ko daga Azbin raƙumansa suka ciwo irin. Ya duba ya ce shi ya bi hanya daga nan har ƙarshen rairayi, bai ga wannan ba, kuma raƙuminsa ya fi ni hankali, ba ya cin abin da bai sani ba. Na miƙa wa akuyar gidanmu. Ta shinshina ta kau da kai. Akuyar da ke cin tsumma.

Sai fure ya fito. Fari, mai kunne biyar, da ɗan tsinin rawaya a tsakiya. Da na gan shi na san mai irin wannan fure: gautan kura, wanda ke kashe tumaki a daji, nasa dai shuɗi-shuɗi ne. Na kai wa tsoho cikin hula. Ya ce, "Ɗan'uwansa ne na kusa. Jira ƴaƴa." Yawancin furen ya kaɗe, kaɗan suka ɗaure, suka yi ƴaƴa kore kamar ɗanyar kanya. Na saci biyu. Na yanka ɗaya, cikinsa ƙananan iri kamar na tumati. Na daka su cikin dusa na ba kazar matata Zara.

Kafin la'asar kazar ta saki fiffike tana zawo. Washegari aka tarar da ita a sanƙare.

Zara ta ɗago ta ta ƙafa ta ce, "Duk kajin unguwar nan, sai tawa mai ƙwai ka ga ta dace da gwaji?"

Na ce, "Da kaza gara ni?"

Ta ce, "Kai ai ka riga ka ba da kanka tun ran da ka kife tulu. Malam, tashi mu tafi. Mutane nawa suka tsallaka ƙasar Ingilishi suna can Daura suna cin tuwonsu? Kwana uku ne a ƙafa."

Na ce, "In na gudu, wa ya ba da ni? Baba Kyari za su ɗaure. Tsohon ba zai kai ko Tanut ba, balle Bilma."

Ta ce, "To ni da yaran fa?"

Na ɗora ta bisa jakin maƙwabci ita da yara biyu, na ce ta tafi gidansu Zermu, in ta ji an yi arewa da ni kada ta jira. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in na ga dama in gaya wa Kabitan yana da kaza guda a wuyansa.

Na koma wajen tsoho na gaya masa zancen kaza. Na zaci zai ce shi ke nan, guba ce. Sai ya ce, "Ka kawo mini ganye, ka kawo fure, ka kawo ɗa. Ƙasansa fa?"

Na ce, "An hana ni tonawa."

Ya ce, "To rabin abu ka kawo mini. Ba na sa wa rabin abu suna."

Ni ma ƙasan na damuna. Tudun da na tara ya fara tsagewa, yana kumbura ta gefe kamar akwai abin da ke turowa. Na fara tunanin ko wani ne ya binne mini sammu a wurin, ko wani daga dangin Ɗan Jimma da ke ganin na gaje masa wuri. Na sa yatsa a tsagar sau ɗaya, gardi ya yi gyaran murya, na janye.

Sannan ganyen ya fara rawaya daga ƙasa. Na ƙara ruwa, ya ƙara rawaya. Na rage, haka. Na yi masa rumfa da zana. Bakari ya zo ya tsaya hannu a ƙugu ya ce, "Me ka zuba masa? Toka? Fitsarin doki?" Na rantse masa da Allah. Ya ce, "Rantse wa Kabitan." Ban taɓa roƙon Allah ya raya shuka kamar yadda na roƙa wa wannan ba, ni da na tabbata guba ce. Kuma ban taɓa fatan Nasara ya komo da wuri ba sai wannan karon.

Ya komo wata ranar Talata da hantsi, ya rame, zazzaɓi ya sa idonsa rawaya. Tun da aka ce an hango su nake shirye. Riga biyu na sa, da takalmin fata na tafiya, na ƙulle dabino da ƙuli-ƙuli a ɗamara. Bakari bai bari ya ko sha ruwa ba. Sai ga su sun nufo garka: Kabitan, mai fassara, gardi biyu, Bakari a gaba yana ta zuba da hannu yana nuna tulun, wanda ya adana tun ran farko.

Kabitan ya zagaya bayan rijiya. Ya tsaya. Ya cire lofe daga baki, abin da ban taɓa gani ba. Ya tsinki ganye ɗaya ya duba. Sai ya durƙusa da farin wandonsa cikin taɓo ya tura hannu biyu cikin tudun nan da na yi wata biyu ina tsoron taɓawa, yana tono kamar kare. Ya fito da wani abu mai launin ƙasa, kamar ƙwan agwagwa. Ya sake turawa ya fito da wani. Da wani. Yana ihu da bakinsu, yana dariya, yana share su da rigarsa. Ya cika hularsa ta kwano.

Na dubi Bakari. Bakinsa a buɗe. Ya san su. Shekara nawa yana feraye su yana soya wa Nasara in an kawo su cikin akwati daga Kano bisa raƙumi, ran babbar liyafa. Kafin ɗari an kawo kaɗan, wasu suka yamushe suka yi tsiro, shi da hannunsa ya watsar da su a jujin bayan madafa. Ni na kwashe jujin na kai bayan rijiya. Shi ya san ɗan da ke ƙasa, bai taɓa ganin ganyen ba. Ni na san ganyen kamar tafin hannuna, ban taɓa ganin ɗan ba, don bai taɓa bari na leƙa madafarsa ba. Wata biyu muna tsaye mu biyu bisa abu ɗaya, kowa da rabinsa.

Abin da kuke kira dankalin Nasara ke nan, wanda yanzu yaro ke saye a bakin kasuwa.

Na gaya wa mai fassara zancen kaza. Kabitan ya ƙara dariya ya ce kowane yaro a ƙasarsu ya san ba a cin ƴaƴan sama, na ƙasa ake ci. Na ce a raina, kowane yaro a ƙasarmu ya san anza sai an jiƙa, kai ka sani?

Na fara kwance ɗamara ke nan sai Kabitan ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya mayar da lofe. Ya ce a tambaye ni wace doka ya ba ni ran da na fara aiki. Na faɗa. Ya ce abin nan yana cikin zane? Na ce ba ya ciki. Ya ce na cire? Na ce ban cire ba. Ya ce yau sa'a aka yi, gobe wani abin zan bari. Kwana takwas a kaso. Bakari kuma aka ba shi tsohuwar rigar soji don ya sa ido da kyau.

Daga kaso ina jin ƙamshin man da ake soya su. An kira duk Nasaran bariki.

Ran kwana na uku aka buɗe ni. Ba tausayi ba ne. Ɗan kason da suka sa ban ruwa ya yi ta kwarara wa salati ruwa da tsakar rana, ganyen ya kwanta. Kabitan ya ce sauran kwana biyar ya yafe, kuma baɗi yana son fangali goma na dankalin. Bai faɗa mini yadda ake ajiye irin ya tsallake bazarar Damagaram ba, don shi ma bai sani ba. Wannan ni na gano, bayan na ruɓar da na shekara biyu ina shan zagi: cikin yashi busasshe, a tukunya, a ɗakin da rana ba ta shiga, kana juyawa kana fitar da mai laushi. An ce Kabitan ya rubuta wa manyansa cewa shi ya kawo dankali ƙasar nan.

Ran da na fito na koma bayan rijiya na bi tudun da yatsa. Kabitan ya bar biyu ƙanana. Na sa ɗaya cikin hula na kai wa Baba Kyari. Ya shinshina, ya kankare da farce, ya juya shi ya ga ƴan ramukan jikinsa. Ya ce, "Ga idanunsa. Ta nan yake fita, ba ta iri ba. Yanzu ka kawo mini abu cikakke." Ya ce in yanka shi kowane yanki da ido guda. A garkarsa aka fara shuka shi a kwarin nan, ba a bariki ba.

Zara ta komo daga Zermu bayan sati biyu. Har ta rasu ba ta sa dankalin nan a bakinta ba, kuma ba ta bar zancen kazarta ba.

Ɗan Jimma bai komo ba. Na yi shekaru ina juya wannan a kaina ina jan guga. Shi bai shuka ba, ni ban shuka ba. Nasa juji ya kawo, nawa juji ya kawo. Shi bai ma ga nasa ba, ni na ga nawa na ɓoye shi da tulu na taka doka. In laifi ake bi, nawa ya fi nasa. Abin da ya raba mu ɗaya ne, nawa gyauron abin da Nasara ke ci ne.

Ba na ce muku ku bar kowane haki ya cinye albasa ba. Cewa na yi, ku san abin da kuke cirewa, ku san ta inda ya shigo, kuma in za ku duba abu ku duba shi har ƙasa. Wanda bai iya wannan ba ɗan ban ruwa ne, ba mai garka ba.

Yanzu haka akwai wani a bayan rijiyata, gefen da guga ke ɗiga. Ganyensa huɗu, ruwansa ba fari ba ne, akuya ta shinshina ta yi shakka. Ban san shi ba tukuna. Na kife masa fasasshen tulu. Na ƙirga ganyen. Wanda ya taɓa shi kafin ya yi fure, da ni zai yi.